Bangon da Aka Sa wa Rigar Siminti

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, Nasiru jikan yayana ya zauna a ƙofar gidana da abokansa biyu suna tsara yadda za su yi arziki. Ɗayansu ya ce babu sana'ar da ta kai gidan haya daɗi: ka saya, ka zuba mutane, ka kwanta, wata ya mutu ka miƙa hannu. Nasiru ya ce shi ma an nuna masa wani gida a Gwaram cikin waya, fenti sabo fil, kuma ya kusa biya. Na tambaye shi ko ya taɓa bangon gidan da hannunsa. Suka kwashe da dariya. "Baba, bango kuma sai an gaisa da shi?"

Ni tun ina yaro magana ba ta zo mini sai an watse, shi ya sa na ɗauko biro. Shekara arba'in da ɗoriya na yi ina kula da gidajen hayar mutane a Birnin Kudu da Gwaram, kuma ban yarda in mutu ana kiran aikin nan kuɗin barci ba.

Gidan farko da na shiga da sunan aiki yana bayan kasuwa, ɗaki uku da zaure. Lokacin ana kashe fam da sule. Na bar makaranta ke nan, ban iya ciniki ba, ban iya noma sosai ba, abin da na iya shi ne zama a lungu da littafi. Kawuna Ɗanlami, ƙanen mahaifiyata, magini ne, kuma fataken da ke zaune a Kano sukan bar masa amanar gidajensu. Ya ɗauke ni ne don in riƙa karanta masa wasiƙu. Ranar nan ya miƙo mini buta cike da ruwa, ya ce in tsiyaye a tsakar gidan. Na tsiyaye, na tsaya ina kallonsa.

"Malam Takarda, ni kake kallo? Ruwan za ka kalla."

Ruwan ya gangara, maimakon ya nufi rariya, wato kafar da ake bari a gindin katanga don ya fita waje, sai ya nufi ƙofar ɗakin tsakiya ya kwanta. Kawu ya ce, "To, ka karanta? Wannan ɗakin duk damina sai an kwashe ruwa da ƙwarya. Mai gidan ba zai gaya maka ba, dillali ba zai gaya maka ba. Buta ce kaɗai ba ta cin la'ada."

Kayan aikin da na gada a wurinsa ba su wuce huɗu ba. Buta ce ta farko. Sai doguwar ƙusa da ake soka wa azara, itacen giginyar da ke ɗauke da rufin soro, don a ji ko gara ta cinye cikinta. Sai igiya mai ƙulli-ƙulli ta auna tazarar da ke tsakanin rijiya da masai. Na ƙarshe wani tsohon mabuɗin ƙarfe ne mai nauyi, wanda kwaɗonsa ya ɓace tun kafin a haife ni. Da shi ake ƙwanƙwasa bango. Bango mai lafiya yana amsawa a taƙaice, da nauyi, kamar ka bugi turmi. Wanda cikinsa ya rabu kuwa yana ƙara kamar ƙwarya a kife. Wata shida na yi ina bin bangaye da mabuɗin nan kafin kunnena ya fara rarrabewa, yara suna bina suna cewa ga mai sallama da katanga.

A wurin Kawu na koyi cewa ba a duba gida da bazara. Da rani kowane gida mutumin kirki ne. In kana son sanin halinsa, ka je a tsakiyar damina, bayan an kwana biyu ana ruwa, ka shaƙi warin ɗakin, ka ɗaga tabarma, ka dubi gindin bango. In dole ce ta sa ka saya da rani, to kada ka tambayi mai sayarwa, ka tambayi matar maƙwabci inda ruwan unguwa yake bi. Kuma kafin ka biya ko kwabo, mai unguwa da maƙwabta na kowace kusurwa su tsaya a kan iyaka, a nuna da ƙafa, a rubuta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Na ga gidan gado da ɗa guda ya sayar, 'yan'uwa shida suka taso daga Surko bayan an gama gyara.

Masu haya ma akwai karatunsu. Wanda ya shigo ya tambayi inda rariya take da wanda ke share ta, wannan ka ba shi ɗaki ko da ya nemi ragi, zai riƙe maka gida. Wanda ya shigo yana yaba fenti, ya amince da komai bai duba masai ba, ka ƙara bincike a kansa. Kada ka haɗa mai iyali da gwauro a tsakar gida ɗaya, kada ka sa mai injin niƙa jikin ɗakin ma'aikacin asibiti da ke kwanan aiki. Mai haya ba baƙo ba ne, ba kuma bawa ba ne. Mutum ne da ya kawo 'ya'yansa ya kwantar ƙarƙashin rufinka saboda ya yarda da kai.

Akwai wata gwauruwa mai ɗaki uku a hanyar asibiti, ba ta da komai sai su. Kowace shekara, da zarar an ga hadari na farko, za ta aiko a kira magini. A cuɗa ƙasa da ciyawa, a yi wa bango sabon yaɓe, a shafe soro da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwa ratsawa, a share indararo. Hayar wata guda take warewa domin wannan, ko da za ta kwana da yunwa. Haka kowa yake yi a da, ba wanda ya ɗauke shi wata dabara. Ginin ƙasa yana shan ruwa, rana ta fito ya bushe, inda ya zaizaye ido yana gani, a gyara. Ɗakunan matar nan har yau suna tsaye, jikokinta ne a ciki.

Sai kuɗin man fetur suka shigo. Aka canza fam zuwa naira, aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi, garin ya cika da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na gona da masu aikin hanya. Kowannensu da rediyonsa da kekensa ko babur, kuma kowa cewa yake shi gidan siminti yake so. A lokacin gwiwa ta kayar da Kawu, ya koma gona a Kiyako, ya bar mini mabuɗai. Mafi yawan abincina yana hannun mutum ɗaya, Alhaji Tanimu, mai manyan motoci da ke zaune a Kano, wanda nake riƙe wa gida biyar.

Ɗaya daga cikinsu tsohon ginin ƙasa ne kusa da tasha, wanda ya gada daga mahaifinsa. Alhaji ya ga masu gidan bulo suna karɓar ninkin abin da yake karɓa. Rushewa a sake gini da bulo zai ci kuɗi, don haka ya samo gajeriyar hanya: a cire soro a ɗora kwano, a shafe bangon ƙasa da siminti ciki da waje, a buga shuɗin fenti. Ya aika wa Kawu ya zo ya tsaya a kan aikin. Kawu ya ce a gaya masa shi ba ya ɗinka wa mai rai likkafani. Alhaji ya kwaso magina daga Kano. Don a rage yawan kwano, aka yanke shi daidai bakin bango, babu ko tafin hannu da ya leƙo waje ya kare katanga.

Gaskiya gidan ya yi kyau. Har tsayawa ake yi a kalla. Ba Alhaji kaɗai ya yi haka ba, unguwa-unguwa aka bi ana yi, kowa yana ganin ya waye. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mutanen da suka yi wannan a ɗakin ƙasa aka haife su, sun ga iyayensu suna yaɓe duk shekara, sun san dalili. Amma da suka ga siminti sai suka ce an huta da yaɓe har abada.

Ɗakin da ke jikin bangon gabas, ciki da falo, Malam Shu'aibu ya kama, wani malamin firamare mutumin Kwandiko, da matarsa da 'ya'ya biyu da mahaifiyarsa Inna Ladi. Tsohuwar ita ke kwana a ciki da jikokin, gadonta na ƙarfe a jingine da bangon gabas, kuma shi take fuskanta in za ta yi salla. Ba ta taɓa zama a ɗakin siminti ba sai a nan. Duk wanda ya zo daga Kwandiko sai ta kama hannunsa ta shafa masa bangon. "Taɓa ka ji, sumul kamar faranti. Ko ƙura ba ya zubarwa."

Kowa a ƙasar nan ya san daga gabas ruwa yake dukan gida. Damina biyu suka wuce lafiya. A farkon ta uku, bayan ruwan shuka, na zo zagayen da na saba. Na ga wata siririyar tsaga a saman bangon gabas, daidai inda kwano yake zubo da ruwa. Na fito da mabuɗi na ƙwanƙwasa. Ƙwarya. Na matsa gaba, ƙwarya. Daga tsayin gwiwa har iya inda hannuna ya kai, babu inda ya amsa da nauyi. Na hau turmi na soka ƙusa a tsagar, ta shige kamar a cikin tuwo mai zafi, ta fito da caɓi. Ruwa yana shiga ta sama, siminti ya hana shi fita, rana ba ta kai gare shi. Abin da ke riƙe da kwanon nan ɓawon siminti ne da bai fi kaurin yatsa ba.

Na rubuta wa Alhaji wasiƙa, na ba direbansa. Shiru. Na rubuta ta biyu, har da zanen bangon da alamar duk inda na buga. Sai a ta uku ya zo, ya tsaya a ƙofar gidan bai ko kashe mota ba.

"Idi, kai ne kake cika ni da takardu kamar alƙali? Ina bangon?"

Na nuna masa. Ya dafa shi da tafin hannu, ya tura da ƙarfi. "Wannan ne zai faɗi? Ko giwa ta jingina ba abin da zai same shi."

"Ranka ya daɗe, waje ne yake da ƙarfi. Cikin ya zama kunu. In an fasa simintin yanzu aka tokare rufin, za a iya sake gina shi da rani."

"In fasa simintin da na saya da tsada, in mayar da gidana na ƙauye? Ka samo rabin buhu a toshe tsagar."

"In aka toshe, ruwan da ke ciki..."

"Kai da kawunka duk ɗaya kuke, baƙin cikin zamani kuke yi. In ji ka tayar mini da masu haya, ka ga yadda za mu kwashe."

Washegari na hau keke zuwa Kiyako. Na iske Kawu a gindin ɗorawa yana gyara ƙotar fartanya. Na fara yi masa bayani dalla-dalla yadda na rubuta, ya katse ni. "Ƙusar ta fito a jiƙe?" Na ce e. "Akwai mai kwana a gindinsa?" Na ce tsohuwa da yara biyu. Ya ajiye fartanyar. "To me ka zo yi nan? Gida biyar kake tsoron rasawa? Malam Takarda, mabuɗin da na ba ka ba na buɗe ƙofa ba ne. In ba za ka ji abin da ya gaya maka ba, ajiye mini kayana."

Na dawo na sami Malam Shu'aibu ya taso daga makaranta. Ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Malam Idi, na gode, amma ina za mu je a tsakiyar damina? Garin nan ko akurki babu. Kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Inna Ladi tana jin mu daga ciki, ta leƙo. "Wane ne zai fitar da ni? Ɗan bokon nan mai tsoron bango? Kai, ɗan nan, ni na kwana a bukkar kara shekara sittin ba ta kashe ni ba, sai siminti?"

A nan na yi abin da ban taɓa yi wa dukiyar wani ba, ban kuma sake ba. Na ari taɓarya wurin matar Malam, na shiga ɗakin, na ja gadon Inna gefe, na daki bangon sau biyu daidai inda take sa kanta. Simintin ya ɓare kamar ƙwai. Wani wari ya buso, baƙin caɓi ya fara gangarowa. Na kama hannun Malam Shu'aibu na tura a ramin. Ya shige har wuyan hannu bai taɓa abu mai tauri ba. Ya zaro hannun ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce wa matarsa ta fara ɗaure kaya.

A gidanmu akwai ɗakuna biyu na marigayi mahaifina, ginin ƙasa, rufin soro, an yi musu yaɓe a shekarar. Mahaifiyata ta ce a kawo su. Kafin la'asar mun kwashe komai a amalanke. Sauran masu hayar, da ke ɓangaren yamma, na roƙe su kada yaro ya yi wasa a gindin bangon nan. Inna Ladi ta bi amalanke tana faɗa har gida: an raba ta da ɗakin 'yan birni an mayar da ita cikin ƙasa tun ba ta mutu ba. Daga ranar ta daina amsa gaisuwata. In na durƙusa na ce, "Inna, ina kwana?" sai ta juya ta tambayi kaza ko ta ci dawa.

Bayan kwana uku Alhaji ya iso. A tasha ya same ni, gaban direbobi da masu shayi. Ya ce na fasa masa gida, na kore masa mai haya, na kai shi gidan ubana don in ci kuɗin. Ko sisi ban karɓa a hannun Malam Shu'aibu ba. Ya miƙo hannu, na ciro mabuɗan gida biyar na zuba masa. Ya ga tsohon mabuɗin Kawu a cikinsu, ya jefo mini shi. "Riƙe tsiyarka."

Ya sa aka toshe ramin, aka sake fenti, aka ce ɗaki yana neman mai haya. Wani malamin gona da aka turo garin ya zo dubawa da amaryarsa. Ba ni da sauran hurumi a gidan, amma na tare shi a hanya na gaya masa abin da na sani. Haka na yi wa na biyu da na uku. Labari ya kai Kano, Alhaji ya bi sauran masu gidajen da nake riƙewa yana cewa ni mai kashe kasuwa ne. Kafin wata ya ƙare ba ni da ko ɗaki ɗaya. Na sayi teburi na zauna kusa da gidan waya ina rubuta wa mutane wasiƙa.

Bango kuwa ya ƙi faɗuwa. Sati ɗaya, biyu, biyar, yana tsaye shuɗi shar. In na wuce tasha sai a ɗaga murya: "Malam Idi, yaya jikin bangon naka? A kai shi asibiti ne?" Har Malam Shu'aibu ya fara sunkuyar da kai in mun haɗu a zaure. Ni kaina na koma da yamma sau biyu na ƙwanƙwasa ta waje, ko kunnena ne ya yi ƙarya. Amsar ba ta canza ba.

Da marka ta kankama aka yi kwana uku ana yayyafi ba ƙaƙƙautawa. A rana ta uku, tsakanin azahar da la'asar, ina bakin teburina na ji wani ƙugi kamar an juye motar yashi. Kafin in isa mutane sun cika wurin. Bangon gabas ya kwanta gaba ɗaya, kuma ciki ya faɗa, ba waje ba. Kwano ya rufto a kansa. Inda gadon Inna yake, tarin laka ne da ya kai ƙirjina, ɓawon siminti mai shuɗin fenti a warwatse a sama kamar fasasshen tangaran. Babu kowa a ciki. Ko akuya ba ta yi rauni ba.

Kuna tsammanin Alhaji ya zo ya ce Idi ka yi gaskiya? Cewa ya yi ramin da na fasa ne ya raunana bangon, kuma bakina ne ya kama gidan, tun da na yi ta kiran faɗuwa har ta zo. Akwai waɗanda suka yarda da shi. Bai mayar mini da mabuɗi ko ɗaya ba har ya bar duniya. Shekara biyu na yi a teburin wasiƙa kafin wani mutumin Gwaram, wanda nasa bangon ya kashe masa tumaki, ya zo nemana. Daga nan aiki ya dawo a hankali. Amma a shekarun nan bangaye nawa ne suka faɗi a kan mutanen da ba a fitar ba, aka ce ƙaddara, aka share, aka sake shafa siminti? Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ita ta yanke kwano daidai bakin bango ba.

Don haka, Nasiru, kai da abokanka: ban hana ku sayen gida ba, sana'a ce mai albarka. Amma gidan da ka gani a waya, ba ka san ko bulo ne ko ƙasa ce aka sa wa riga ba, kuma mai sayarwa ya yi fentin ne domin kada ka sani. Ka jira damina. Ka ɗauki buta. Ka zo in ara maka mabuɗin, yana nan a aljihuna. In ba za ka iya ware hayar wata guda kowace shekara don gyara ba, in kuma ba za ka iya fitar da mai haya ka yi asara don ransa ba, ka sayi shanu, su aƙalla in sun ji ciwo suna kuka.

Ranar da bangon ya faɗi, da ruwa ya tsagaita, Inna Ladi ta sa ɗanta ya rako ta wurin. Ta zo da sandarta, mutane suka buɗe mata hanya. Ta daɗe tana duban tarin lakar nan. Ta sa sanda ta tono wani guntun siminti, ta juya shi, ta ga bayansa baƙi ƙirin. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce mini na gode ba. Sai ta waiwayo ta neme ni cikin taron, karo na farko cikin sati shida ta dube ni a ido.

"Kai, ɗan boko. Ƙarfen nan naka yana nan?"

Na ce, "Yana nan, Inna."

"To wuce mu je. Ka ƙwanƙwasa mini na ɗakin da nake yanzu, kusurwa huɗu, ina tsaye ina ji."